Jakadan Masallacin Mount Hope

Shekara shida ke nan Mukhtari Sadisu yana bin sawun wani mutum da ya mutu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Sunan mutumin Francis Dana, jakadan farko da Amurka ta tura Rasha tun tana rarrafe a matsayin ƙasa. Ya isa birnin St. Petersburg a 1781, ya kama gida, ya yi shekara biyu yana jiran Sarauniya Katrina ta karɓe shi, ba ta karɓe shi ba, ya tattara komatsansa ya koma. Iyakar labarin ke nan. A kan wannan ne Mukhtari yake rubuta kundin digirin digirgir a sashen tarihi na wata jami'a a Manhattan. Ya kai shafi ɗari uku da ɗoriya, amma har yanzu bai kai ranar da mutumin ya fara ɗaure kayansa ba.

In an tambaye shi me yake karantawa, ba haka yake faɗa ba. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Hulɗar diflomasiyya tsakanin Amurka da Rasha," sannan ya ɗan yi shiru don maganar ta zauna. To a unguwar Mount Hope ta Bronx maganar ta zauna fiye da yadda ya so. Wasu na kiransa Dakta, wasu Ambasada. In aka nuna Mosko a talabijin ɗin shagon aski, sai kowa ya juyo ya dube shi, shi kuma ya girgiza kai kamar wanda ya san wani abu da ba zai iya faɗa ba.

Rashancinsa kuwa na takarda ne. Shekara biyu ya yi a aji, sauran da ƙamus ya ƙarasa. Wasiƙun fadawa da magatakardan ƙarni na sha takwas kawai ya taɓa karantawa, kuma in ban da malamar da ta yi masa jarrabawa, bai taɓa magana da wani ɗan Rasha mai numfashi ba.

A gidansa akwai mai irin wannan maganar kullum, amma bai lissafa ta ba. Matarsa Damata, 'yar zangon Kumasi, shekara tara tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Brighton Beach, can ƙarshen Brooklyn inda 'yan Rasha suka yi sansani. Wata rana ya ji ta a waya tana zuba Rashanci da ɗiyar wani tsoho da take jinya, da ta ajiye sai ya ce mata ta karya nahawu a wuri uku.

"Ta gane dai ko?" in ji Damata.

"Ta gane. Amma wannan ai Rashancin kicin ne."

Ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita aiki. Ba ta sake yin waya a gabansa ba.

Masallacin unguwar yana bene na biyu, a saman kantin kayan abincin Afirka na Alhaji Barmo, mutumin Maraɗi. Shekara goma sha huɗu ana salla a wurin ba a taɓa samun matsala ba, sai ga takarda daga masu ginin cewa in yarjejeniyar haya ta ƙare nan da wata biyu, ba za a sabunta ba. Babu dalili a ciki. Da aka kira ɗan mai ginin a New Jersey, sai ya ce shi ba ruwansa, mahaifiyarsa ce ta yanke, tsohuwa ce 'yar shekara tamanin da ɗaya mai suna Madam Raisa, tana Brighton Beach, Turancinta kaɗan ne, haƙurinta bai kai Turancin ba. Da aka matsa masa, ya ce wata Juma'a ta zo duba ginin, ta tarar da takalma sun cika matattakala tun daga ƙasa har sama, ta yi tuntuɓe da su, saura kaɗan ta gangara.

Ranar Lahadi bayan la'asar kwamitin masallaci ya zauna. Mukhtari ba ya cikin kwamitin, ya tsaya ne kawai yana neman takalminsa ƙafa ɗaya, sai ya ji liman, Malam Abdul-Jalil, ya kira shi.

"Bon, Dakta," in ji Alhaji Barmo, "Allah ya kawo ranarka. Shekara nawa muna ganinka da jaka kana zuwa lakwal karatu kana dawowa, ba mu taɓa tambayarka amfanin abin ba. Yanzu ga 'yar Rasha, ga mu mazauna Amurka, ga ka. Me ya rage?"

Abin da ya kamata ya ce a nan gajere ne: ni tarihi nake karantawa, kuma mutumin da nake nazari a kansa ma bai yi nasara ba. Maganar har ta zo masa baki. Amma dattawa bakwai ne suka zuba masa ido, irin kallon da babu wanda ya taɓa yi masa a sashen tarihi. Ya gyara tabarau.

"Al'amarin Rashawa sai a hankali," ya ce. "Suna da tsari. Amma in sha Allahu."

Aka shafa fatiha.

Kwana uku ya ajiye kundinsa ya shirya. Ya fito da kwat ɗin da ya sa a taron masana tarihi na Boston, ya kai ta guga. Ya tsara gaisuwa daga cikin wasiƙun da ya haddace, ya yi ta maimaitawa a gaban madubin banɗaki. Damata na jinsa daga kicin. Sau ɗaya ta leƙo ta ce, "Baban Sumaya, wa za ka gaya wa wannan?" Ya ce aikin kwamiti ne. Ta ce, "To," ta koma.

Ranar Alhamis da hantsi ya hau jirgin ƙasa na B daga Grand Concourse, ya zauna har ƙarshen layi, fiye da awa guda. Ya sauka a Brighton Beach ya ga allunan shaguna duk da haruffan Rasha, ƙirjinsa ya cika, ya karanta guda biyu a bayyane don jin daɗi. Ya sami ginin da tsohuwar take zaune, ya danna ƙararrawar lamba goma sha biyu. Wata murya ta fito daga 'yar lasifikar bakin ƙofa, kalma ɗaya tak, mai kaifi.

Mukhtari ya ɗan rusuna wa lasifikar, ya fara. Abin da ya faɗa, in an mayar da shi Hausa, kusan haka yake: "Ya ke uwargijiya mai alfarma, bawanki mafi ƙasƙanci, wakilin jama'ar da suka aiko shi, yana roƙon a yi masa izinin durƙusawa a gaban martabarki, domin ya gabatar da shaidar aikensa."

Sai muryar ta yi wata doguwar magana da sauri, wadda a cikinta kalma biyu kawai ya kama, "coci" da "'yan sanda". Lasifikar ta yi ƙit.

Ya tsaya minti ashirin a wurin, iskar teku tana kaɗa masa kwat. Da ya koma Bronx, Alhaji Barmo na bakin kanti yana jiransa.

"Yaya, Ambasada?"

"An buɗe ƙofar tattaunawa," in ji Mukhtari.

Tun da baki ya gaza, ya koma inda yake da ƙarfi. Ya rubuta takarda mai shafi huɗu da Rashanci, ya kawo tarihin masallacin, ya kawo tarihin zumuncin al'ummomi, har da sharhi a ƙasan shafi guda biyu. Ranar Litinin ya sake yin tafiyar, ya bi bayan mai kawo wasiƙu ya shiga ginin, ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofar lamba goma sha biyu, ya gudu.

Bayan kwana huɗu amsa ta zo masallaci a ambulan. Takardarsa ce aka dawo masa da ita. An bi ta layi-layi da jan biro, an ja layi, an zagaye, an soke, har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. A ƙarshe an rubuta lamba biyu, babba, aka ja mata layi.

Ya kai gida ya shimfiɗa a teburin cin abinci yana nazari. Biyu. Wataƙila tana nufin nan da mako biyu. Ko kuwa mataki na biyu na tattaunawa. Yana cikin haka Damata ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta tsaya a bayansa. Ya ji numfashinta ya canza, ya waiwaya ya ga ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Mene ne?"

"Ei, Baban Sumaya. Maki ne. A makarantunsu biyar ne ƙarshe. Biyu shi ne wanda ake ba yaro a ce ya zo da babansa."

Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki shafin farko tana bi da yatsa a hankali, don ita karatun haruffan bai zauna mata sosai ba. Ta tambaye shi labarin, ya faɗa mata duka, tun daga fatihar kwamiti har zuwa lasifika.

"A cikin shafi huɗun nan," ta ce, "ina ka tambaye ta ƙafarta?"

"Wace ƙafa?"

"Tsohuwa ta yi tuntuɓe a matattakalarku, maza ɗari suna zaune a ciki, ba wanda ya fito ya ce sannu. Wata guda ba wanda ya kira. Sai ga ka da zumuncin al'ummomi." Ta ajiye takardar. "Ranar Talata ina tashi ƙarfe biyu. Gidan da nake aiki layi uku ne tsakaninsa da nata. Ka same ni a tasha."

"Wannan fa aike ne na kwamiti."

"To ka zo da kwamitin."

Ranar Talata ya same ta a tasha, cikin shuɗin kayan aikinta da hijabi, shi kuma cikin kwat. Ba ta nufi ginin kai-tsaye ba. Ta shiga wani gidan burodi, ta yi ciniki da mai sayarwa suna dariya kamar tare suka tashi, ta fito da kwalin kek ɗaure da zare. Ta tsaya wurin mai furanni ta zaɓi guda biyar, ta ce masa ba a kai wa rayayye furanni masu adadin da ya rabu biyu daidai, wannan na makabarta ne. Shekara shida yana karanta Rasha bai taɓa cin karo da wannan ba. Ta miƙa masa kwalin ya riƙe.

A bakin ƙofa ita ta danna ƙararrawa. Ta yi magana gajera, cikin murya mai taushi. Abin da ya iya kamawa shi ne sunan tsohuwar, da sunan mahaifinta a haɗe, da kalmar "gwiwa". Ƙofa ta buɗe.

Madam Raisa 'yar ƙaramar mace ce, gashinta fari fat, tana dogara sanda. Ta dubi Damata, ta dubi furannin, fuskarta ta ɗan saki. Mukhtari ya ga dama ta samu, ya wuce gaba da kwalin kek, ya taka har tsakiyar dardumar falo yana shirin rusunawa. Sai tsohuwar ta daka wata tsawa, ta nuna ƙasa da sanda.

Ya duba. Takalmansa ne, baƙaƙe, sun sha mai. Damata tuni ta cire nata a bakin ƙofa.

"Ba a shiga musu da takalmi," ta ce masa da Hausa, ba ta ko kalle shi ba. "Kamar gidanmu."

Jakadan da aka aiko kan rikicin takalma ya koma da baya da sanɗa, ya tuɓe. Tsohuwar ta tura masa silifas na baƙi da bakin sanda, ruwan hoda, masu gashi-gashi, ba su kai dugadugansa ba. Da su ya yi zaman tattaunawar.

Ba a sa shi a ciki ba. Damata ta durƙusa ta taɓa gwiwar tsohuwar, ta tambayi wane magani take shafawa, ta ce ba haka ake naɗa bandejin ba, ta warware ta sake naɗawa. Suka shiga kicin tare, aka dafa shayi, aka yanka kek. Tsohuwar ta yi ta magana, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da hawaye, Damata na cewa "da, da," wato "e, e," tana shafa mata hannu. Mukhtari na gefe da kofi, yana kama kalma ɗaya cikin goma. Can Damata ta juyo ta taƙaita masa: marigayi mijin tsohuwar ne ya sayi ginin, shi ya ba masallacin haya da hannunsa, yana cewa masu salla ba sa fasa tagogi. Ranar da ta je, cikar shekara biyar ce da rasuwarsa, ta je ne kawai ta ga wurin. Ta zauna a kan matattakala tana riƙe da gwiwa, tana jin huɗuba ta bayan ƙofa, har direban da ya kawo ta ya hau ya ɗauke ta.

Mukhtari ya ajiye kofin. Duk gaisuwar fada ta bar kansa. Ya ce da Rashancin ajin farko, "Ki yi haƙuri. Ba mu kyauta ba."

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau, ta yi magana.

"Ta ce wannan ce jimlarka ta farko da ba kuskure," in ji Damata. "Shekara talatin da biyu tana koyar da Rashanci a sakandare a Leningrad. Tana tambaya wa ya koya maka rubutu kamar gawa."

Ya yi bayanin kundinsa, Damata na fassarawa. Da ya ga tsohuwar ta saurara, sai ƙarfinsa ya fara dawowa. Ya ciro waya ya nuna mata abin da ya fi alfahari da shi a duniya: hoton wata takarda da wani abokin karatunsa ya ɗauko masa a ma'ajiyar tarihi a Mosko. A gefen takardar wani magatakarda da ba a san sunansa ba ya yi ɗan rubutu da hannu, layi biyu. Mukhtari ya karanta shi da cewa, "A ɗumama wa Ba'amurken." A kan layin nan ya gina babi na huɗu gaba ɗaya, cewa a ɓoye fadar ta fara sassautowa. A Boston har tafi aka yi masa.

Madam Raisa ta aika Damata ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu a kan talabijin. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta fara dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari, har sai da aka ba ta ruwa.

"Me ta ce?"

Damata ta dube shi. A karo na farko ranar ya ga tausayi a fuskarta, kuma ya fi tsawar ciwo.

"Ta ce ba Ba'amurke ba ne. Sunan mai kawo itace ne. Cewa aka yi a gaya masa ya kawo itacen murhu, ofis ya yi sanyi."

Ya karɓi wayar ya duba. Yanzu da aka faɗa, ga shi nan ɓaro-ɓaro, harafi bayan harafi. Babi na huɗu, shafi sittin da takwas.

Kafin su tafi tsohuwar ta faɗi sharuɗɗanta, Damata ta sa shi ya rubuta, tun da shi ne mai biro. A kafa kantar takalma a cikin masallaci, kada a sake ganin ko silifa a matattakala. Kowace Juma'a a tsayar da mutum a wurin. Liman ya kira ta da bakinsa. Na huɗu kuma, mai takardar nan ya riƙa zuwa duk Alhamis da rana da takardunsa na Mosko, don ba za ta mutu ta bar mutum yana yawo a New York yana yi wa harshenta wannan aika-aika ba.

A jirgi suna komawa, suka wuce tasha kusan goma. Da suka hau gada ya ce, "Maman Sumaya, maganar da na yi ta kicin."

"Wace?"

"Kin sani."

"Na sani. So nake in ji ta da nahawu mai kyau."

Ya faɗa, da Hausa, a hankali. Ta gyara zama, ta jingina kai da taga, ta ce ya tashe ta in sun kai tasharsu ta Tremont.

Ranar Juma'a bayan an sallame, Alhaji Barmo ya karɓi lasifika ya yi wa jama'a albishir cewa masallaci ya tsira, kuma Dakta Mukhtari ne ya je har gida ya tanƙwara Rasha. Aka yi kabbara. Mukhtari ya miƙe ya ce, "Jama'a, a yi mini afuwa. Ni kek kawai na riƙe. Maiɗakina ce ta yi komai."

"Kun ji ko?" in ji Alhaji Barmo. "Haka manyan jakadu suke. Ba sa taɓa cewa su ne."

Aka sake yin kabbara, ta fi ta farko ƙarfi. Daga bayan labule, ɓangaren mata, wata dariya ta tashi wadda sai da liman ya yi gyaran murya sau biyu kafin ta lafa. Su tun ranar Laraba suka ji labarin, har da launin silifas.

Farfesan da ke duba aikinsa ya saurari batun itacen murhu, ya cire tabarau ya murza idanu, ya ce gara yanzu da a gaban kwamitin jarrabawa. Babi na huɗu ya tafi, kammalawa ta ƙara shekara guda. Da aka zo neman wanda zai riƙa tsayawa a matattakala, kwamiti ya ga babu wanda ya dace kamar wanda ya ƙulla yarjejeniyar, don shi ya san ƙa'idojinta.

A nan yake tsaye Juma'a ta uku, rungume da takalman wasu mutum biyu da suka makara, sai wani direban tasi mai suna Inusah ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Ambasada, don Allah wata 'yar magana. Mai gidanmu a Concourse Village ya hana mu ajiye keke a baranda, mun yi mun yi ya ƙi. An ce ɗan Albaniya ne. Ka iya yarensu?"

Hannun Mukhtari ya tafi wajen tabarau, ya tarar takalma sun cika shi.

"Bari in tambaya a gida," ya ce.